Daga Kwali Zuwa Roba: Tarihin Yoyon Baƙin Mai da Masu Gyaran Babur

Ƙasar da ke gindin darbejiya, inda mai gyaran babur ya kafa bencinsa, ta daɗe da daina zama ja. Shekara da shekaru baƙin mai yana ɗiga a kanta har ta yi tauri, ta yi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. A irin wannan wuri, ko a Kano ne ko Gusau ko Maraɗi, da wuya hantsi ya dubi ludayi ba a turo wani babur da kan injinsa ya jiƙe ba. Mai shi zai nuna ƙafar wandonsa da ta yi ɗige-ɗige ya ce, "Oga, duba min, mashin ɗin nan yana zubar da mai." Bakaniken da ya san aikinsa ba ya saurin ɗaukar sifana. Tsugunawa yake yi, ya goge injin da tsumma, sannan ya bi da yatsa daga ƙasa zuwa sama yana neman inda danshin ya faro. Mai gangarowa yake yi, iskar gudu kuma tana kora shi baya, saboda haka inda ya taru ba lallai ne nan ya fito ba. Sau da yawa yatsan kan tsaya a can ƙololuwa, a gaɓar da murfin bawul ya zauna a kan silinda.

A wannan gaɓa akwai wata siririyar roba da ake kira gasket. Kuɗinta bai kai na litar baƙin man da take tsarewa ba, kuma galibin masu babur ba su taɓa ganin ta da idonsu ba sai ranar da ta gaza. Amma an daɗe ana ƙera babur kafin a san da ita, an kuma daɗe da saninta kafin ta iya aikinta yadda ya kamata.

A 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora injin fetur a kan wani keken katako mai ƙafa biyu a Jamus. Bayan shekara tara, a 1894, kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fara ƙera babur da yawa don sayarwa. Daga nan har zuwa shekarun 1920, kayan bawul na yawancin babura a fili suke tsirara. Mahayi yana tafe, in ya sunkuya zai ga sifirin yana tsalle, roka tana sama tana ƙasa. Kafin ya fita sai ya shafa musu giris da hannunsa, in ya dawo ya tarar ƙurar hanya ta cakuɗe da giris ɗin tana cin ƙarfe. Baƙin man ma ba zagayawa yake yi a cikin inji ya koma ma'ajiyarsa kamar yanzu ba. Akwai wani ɗan famfo a jikin tanki wanda mahayi kan danna bayan kowane 'yan mil, mai ya shiga inji, wani ya ƙone, wani ya zube a hanya. A wancan zamani, wanda ya sauka daga babur da mai a wandonsa ba ya zuwa wurin kowa ƙorafi, domin haka abin yake.

A shekarun 1930 ne maƙera suka duƙufa wajen rufe kayan bawul da murfi, su tura mai can sama ta famfo, ya jiƙa roka ya gangaro. Ƙarfe ya samu lafiya, ƙara ta ragu. Sai dai an ɗauko sabuwar matsala: yanzu akwai mai mai zafi yana fantsama a cikin wani akwati da ke saman inji, wurin da ya fi ko'ina zafi, kuma dole a riƙa buɗe akwatin nan lokaci-lokaci don saita bawul. Duk abin da ake buɗewa a rufe kuwa yana da baki, kuma baki sai an toshe shi.

Murfin ya zama abin gani har ya riƙa raɗa wa inji suna. Kamfanin Harley-Davidson na birnin Milwaukee a Amurka ya fitar da wani inji a 1936, mahaya suka dubi murfinsa suka ga ya yi kama da gaɓoɓin dunƙulallen hannu, suka laƙaba masa Knucklehead. Injin ya yi farin jini, amma na farko-farko sun sha suka saboda yoyon mai daga sama, sai da kamfanin ya yi ta gyare-gyare. Wanda ya gaje shi a 1948 murfinsa kamar kwanon tuya ne da aka kife, shi ya sa aka ce masa Panhead. Na 1966 kuwa bayan shebur ya tuna wa mutane, ya zama Shovelhead. Har gobe da waɗannan laƙabobi ake sanin su, sun danne lambobin da kamfanin ya ba su.

Me ake sawa a bakin murfin? Da farko abin da hannu ya kai gare shi: fata, takarda mai kauri, zaren da aka jiƙa da mai. Aka zo ga ɓawon wata bishiya mai laushi da ke fitowa a Fotugal da Sifen, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Yana lotsawa ya cike ƙananan ramuka, amma zafi kan busar da shi ya tsuke ya tsage. A ƙarshen ƙarni na 19 wani injiniya a Ostiriya, Richard Klinger, ya haɗa zaren asbestos da roba ya matse su suka zama falle mai jure wuta, aka daɗe ana yanka gasket daga irinsa. Daga baya likitoci suka tabbatar ƙurar asbestos tana jawo ciwon huhu mai kisa, ƙasashe da yawa suka haramta shi. Wannan magana ta shafi duk yaron garejin da ke kankare tsohon gasket ko hure ƙurar birki da bakinsa, kuma abin takaici ne yadda ba a cika faɗa musu ba.

Roba ta asali, wadda ake tatsa daga bishiya, ba ta shiri da man inji: kumbura take yi ta saki jiki. Sai a shekarun 1930 masana a Jamus suka haɗa wata roba ta sinadari wadda mai ba ya cin ta. A 1939 kuma wani tsohon maƙeri ɗan asalin Denmark da ke zaune a Amurka, Niels Christensen, ya samu takardar mallakar fasahar zoben roba mai zama a cikin kwarmi. Dabarar mai sauƙi ce. A yi wa ƙarfe 'yar hanya, a kwantar da roba a ciki, in an ɗaure murfi ƙarfe ya taɓa ƙarfe, robar ta matsu daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. Robar da ke ƙarƙashin murfin babura irin su Boxer ko CG a yau jikar wannan dabara ce.

Babur ya shigo ƙasar Hausa tare da Turawan mulki da na mishan da ma'aikatan kamfanonin ciniki, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya sauƙaƙa jigilar kaya daga bakin teku. Waɗanda aka fi gani a ɓangaren Najeriya ƙirar Ingila ne, irin su BSA da Triumph. Ƙarfafa ne, masu ƙara mai daɗin ji, amma a duniya an san su da ɗigar da mai, har masu su a Ingila kan ajiye faranti a ƙarƙashinsu in sun kwana a ɗaki. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kwandon injin a tsaye aka raba shi, dama da hagu, gaɓar ta bi ta ƙasa inda mai ke kwanciya. Ga kuma girgiza mai kwance kusoshi, ga injinan ƙira da suka tsufa a masana'antun. Waɗanda suka fara taɓa irin waɗannan babura a garuruwanmu, da yawansu daga gyaran keke suka taso. Wanda ya iya ɗaure sifok ɗin keken Rali, ya iya facin tayar da ƙaya ta huda, shi ne aka fi amincewa ya leƙa cikin abin da ke tafiya da wuta. A wurinsu ma yoyo kaɗan ba cuta ba ce. In babur yana tashi yana tafiya, a ƙara masa mai kawai.

Wanda ya sauya wannan tunani shi ma ɗan gareji ne. Soichiro Honda ɗan maƙeri ne da ke gyaran keke a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a Japan. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota, ya yi shekara shida a ƙarƙashin maigida kafin ya koma ya buɗe nasa wurin. Ya kafa kamfanin Honda a 1948, ya fitar da Super Cub a 1958, ɗan babur ɗin da zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Abin da ya ba mutane mamaki a baburan Japan, ban da araha, shi ne mutum zai ajiye su a kan siminti ya dawo ya tarar da wurin a bushe. Sirrin yana cikin zubin alminiyam mai kyau, da fuskokin ƙarfe da aka goge suka daidaita, da zoben roba a inda ya dace. A manyan babura irin CB750 na 1969 ma sai suka raba kwandon injin a kwance, sama da ƙasa. Masu saye suka ga ashe ana iya ƙera babur da ba ya ɓata wando. Kafin tsakiyar shekarun 1970 kamfanin BSA ya durƙushe, masana'antar baburan Ingila ta bi bayansa. Daga nan ne yoyon mai ya koma laifi, abin da ake kai wa bakanike a ce ya gyara.

Akwai babur guda da ya cancanci a tsaya a kansa, domin kamar don hanyoyinmu aka yi shi. A 1974 Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, irin su Tailan da Indonesiya, su gano abin da ke kashe baburansa a can. Suka tarar ana ɗora wa babur iyali guda da kayansu, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri kamar kunu, matatar iska kuwa ba mai tunawa da ita. Injin da ke da sandar kam a can sama shi ne ya fi shan wahala, domin da zarar mai ya gurɓace ko ya yi kaɗan, saman ne ke fara bushewa. Maimakon su tsaya yi wa masu saye wa'azi, sai suka koma suka ƙera injin da zai jure halinsu. Suka sauko da kam ɗin ƙasa kusa da mai, suka sa dogayen sanduna su riƙa tura roka, suka yi matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan shi ne CG125 na 1975. Aka fara ƙera shi a Manaus ta Brazil a 1976, har yau ana yin sa a Pakistan, kuma masana'antun China sun kwaikwayi injinsa ba adadi.

CG125 ya zo a kan gaɓa. Rahoton kwamitin Jerome Udoji ya fito a 1974, a 1975 ma'aikatan gwamnatin Najeriya suka karɓi ƙarin albashi har da ariyas, ga kuɗin man fetur yana shigowa ƙasa. Malamin makaranta da malamin gona da akawu suka jingine keke suka hau mashin. Titunan Kano da Zariya da Sakkwato suka cika da Vespa da Honda Benly da Yamaha da Suzuki. A 1979 aka kafa kamfanin haɗa baburan Honda a Ota ta jihar Ogun. A Jamhuriyar Nijar kuwa mobilet ta Faransa ta yi yawa a hannun ma'aikata.

A nan sana'ar ta rabu gida biyu, ko da yake a benci ɗaya ake yin ta. Vespa da mobilet da yawancin ƙananan Yamaha da Suzuki na lokacin injinsu mai taku biyu ne: fistin ya hau ya sauka, wuta ta tashi. Ba su da bawul a ka. Ramuka ne a jikin silinda, fistin da kansa yake buɗe su yana rufewa, man da ke jiƙa injin kuwa tare da fetur yake shiga ya ƙone ya fita ta salansa. Kan irin wannan inji murfi ne kawai da fulogi a tsakiya. Honda shi ne ya tsaya a kan inji mai taku huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera a 1876: shaƙa, matsa, ƙona, fitar. Shi ke da bawul, shi ke da murfin bawul, shi ke da baƙin mai kwance a cikinsa. Don haka bakaniken da ya ƙware a Honda daban yake da na Vespa, kuma masu mashin sun san wurin wanda za su je.

Sai wahala ta zo. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin SAP, naira wadda a da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta karye, kafin a jima dala ɗaya ta kai wajen naira huɗu, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Sabon babur ya fi ƙarfin albashi, kayan gyara na asali suka yi wuya. A wannan zamani ne hannun kanikawa ya nuna kansa, kuma duk wanda ya taɓa ganin dattijon bakanike yana yanka gasket daga kwali ya ga aikin da ya cancanci yabo. Zai samo kwalin sukari ko bangon littafi mai kauri, ya shafa baƙin mai a bakin murfin, ya danna shi a kan kwalin har siffar ta fito. Ko kuma ya ɗora kwalin a kan ƙarfen ya riƙe da yatsu, ya ɗauki 'yar guduma mai dunƙulallen kai ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali yana bin gefe, kaifin ƙarfen yana yanka kwalin da kansa. In ya zo ramin kusa sai ya ɗora ƙwallon boris a kai ya buga sau ɗaya, rami ya fito zagaye kamar da inji aka huda. Ya shafa masa giris gaba da baya, ya ɗaure. A murfin gefe inda zafi bai tsananta ba, irin wannan gasket kan yi watanni bai ɗiga ba. A saman inji kuwa kwanansa kaɗan ne, kuma bakaniken kirki kan faɗa wa mai babur haka tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

Wahalar da ta hana ma'aikaci sayen babur ita ce ta mayar da babur abin neman abinci. Motocin haya suka yi ƙaranci, matasa suka rasa aiki, sai aka fara ɗaukar fasinja a bayan mashin. A Kano aka ce acaɓa, a Sakkwato da Nijar kabu-kabu, a kudu okada, sunan da aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air. Abin da ya cika tituna daga baya shi ne Jincheng, ƙirar birnin Nanjing na China, wanda aka yi a kan samfurin Suzuki AX100. 'Yan kasuwar Nnewi ta jihar Anambra, cibiyar kayan babur a Najeriya, sun taka rawa wajen shigo da baburan China a kwance cikin kwali ana haɗa su a gida, abin da ya karya farashi. Jincheng mai taku biyu ne. Duk wanda ya tsaya a wata mahaɗar hanya a Kano da yamma a farkon shekarun 2000 yana tuna shuɗin hayaƙin da ke sa ido ruwa. Dubban yara suka shiga koyon gyara a kan wannan babur, suka ƙware a fistin da ringi da kafireto da kankare gawayin salansa, suka zama masu gidan kansu, alhali wasunsu ba su taɓa saita bawul ba.

Daga tsakiyar shekarun 2000 iska ta juya. Boxer na kamfanin Bajaj da ke Pune a Indiya ya shigo, TVS ya biyo shi, ga kuma roba-roba da sauran ƙirar China irin su Lifan, kamfanin da shi ma a 1992 ya faro daga ɗan shagon gyaran babur a birnin Chongqing. Duk masu taku huɗu ne. Ba sa hayaƙi, ba sa shan fetur sosai, kuma ɗan acaɓar da zai kai balas kowace yamma ba ya buƙatar a yi masa dogon lissafi. Cikin 'yan shekaru Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya. Kanikawan Jincheng suka wayi gari da inji mai bawul da tayamin cen da murfi mai roba, dole suka sake zama ɗalibai, wasu a wurin tsofaffin masu Honda da aka fara mantawa da su.

A wannan sauyi ne wata mummunar al'ada ta samu gindin zama, wato lafta gam. Ɗan bututun gam ɗin silikon, ja ko toka, abu ne mai amfani in an ɗiga shi kaɗan a kusurwar da kamfani ya ce. Amma an mayar da shi maganin kowane yoyo. Sai a ga an tsiyaya shi a bakin murfi kamar ana zuba wa burodi bota, a mayar da tsohuwar roba a kai, a ɗaure. Abin da ya fito waje ana gani a goge. Wanda ya matso ta ciki kuwa ba mai ganin sa. Zafi zai tsinke shi guntu-guntu, ya bi mai ya je ya toshe matata ko siririyar hanyar da ke kai mai sama. Bayan wata biyu inji ya buga, mai babur ya rasa dalili, ya ɗora laifin a kan kamfani ko baƙin man da ya saya. Garin neman gira an rasa ido, kuma wanda ya yi asarar galibi talaka ne da babur ɗin ma bashi ne a kansa.

Sana'ar ta sha girgiza ta wata fuskar ma. An hana hawa babur a Maiduguri a Yulin 2011 saboda rikicin Boko Haram. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana acaɓa. A Diffa ta Nijar an hana babur a 2015. Kanikawa da yawa suka koma gyaran A Daidaita Sahu, wanda shi ma injinsa mai taku huɗu ne, wasu suka bi babura zuwa ƙauyuka inda har yanzu shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023 kuma an fara ganin baburan lantarki jefi-jefi a birane, waɗanda ba su da baƙin mai balle su zubar.

Duk da haka, tsarin koyon aikin bai sauya ba. Uba ne ke kai yaro ya danƙa wa maigida. Yaro ya fara da wanke kaya a kwanon fetur, da miƙo sifana mai lamba takwas ko goma, da riƙe babur in an tayar da shi. Canza gasket ɗin murfin bawul yana cikin ayyukan farko da ake barinsa ya yi a jikin inji, kuma a nan ake gane yaron da zai yi hannu.

Ga yadda aikin yake tafiya a hannun wanda ya iya. Da farko a bar inji ya huce, domin alminiyam mai zafi yana da saurin cin zare, kuma saitin bawul a sanyi ake auna shi. A wanke saman da fetur da buroshi kafin a buɗe, kada yashin da ya manne ya faɗa ciki. A kwance kusoshin, uku ne ko huɗu gwargwadon irin injin, kaɗan-kaɗan ana zagayawa. In murfin ya kama, a bubbuga shi da ƙotar guduma ta katako. Wanda ya cusa sukundireba a gaɓar ya ɓanɓare ya riga ya yi wa alminiyam tabon da babu robar da za ta cike. Tsohuwar robar kan fito a bushe, ta yi faɗi, in an lanƙwasa ta ta karye kamar taliya. A share kwarminta tas da tsinke ko ɗan itace. Bakanike mai lura zai kife murfin a kan gilashi ya ga ko yana rawa, in ya karkace kaɗan ya shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kan gilashin ya goga shi har ya kwanta. Tunda an riga an buɗe, sai a zura wani siririn ma'auni a duba tazarar bawul, wadda a ƙananan injina ba ta kai kaurin takardar rubutu ba.

Sai sabuwar roba. A kasuwa akwai gangariya akwai jabu, kuma a leda kamanninsu ɗaya. Mai kyau tana da laushi da santsi, in an ja ta ta koma yadda take, ta kuma zauna a kwarmi ba tare da an miƙe ta ko an cusa ba. A duba 'yan robobin da ke wuyan kusoshin su ma, domin sau da yawa su ne masu laifin ana zargin babbar. Wurin ɗauri ne yara suka fi faɗuwa. Hankali yana ba mutum cewa in abu yana yoyo a ƙara matse shi, amma kusar nan siririya ce, milimita shida, kuma cikin alminiyam take shiga. Ƙarfin da littattafan kamfani suka ƙayyade mata bai wuce kwatankwacin nauyin kilo biyar a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20 ba. Garejin bakin hanya ba shi da sifanar awo, sai dai maigida ya kama hannun yaro ya nuna masa inda ake tsayawa. In aka zarce, zare ya cinye, aikin minti ashirin ya koma neman mai sake yanka zare.

Akwai abu guda da ake yawan tsallakewa. Kowane inji mai taku huɗu yana da ɗan tiyo da yake numfashi ta cikinsa. In laka ta toshe shi, ko ya lanƙwashe, iska takan taru a cikin kwandon inji ta nemi mafita, ta turo mai ta gaɓar da ta fi rauni. Haka ma in ringi ya cinye, ko an cika baƙin mai ya wuce alama a injin da cikinsa bai fi lita guda ba. A irin wannan hali ko roba goma aka canza yoyon zai dawo. Kuma barin sa ba ƙaramin abu ba ne, musamman da hunturu: ƙura tana manne wa mai ta cike tsakanin haƙarƙarin silinda, injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi ya koma kamar an lulluɓe shi da bargo.

Da an gama ɗauri, yaro ya sake wanke saman injin ya bar shi ya bushe ƙarau. Maigida ya duba alamar mai, ya taka mashin ya tashi, ya bar shi yana aiki har ya ɗauki zafi, sannan ya ce wa mai shi ya zagaya unguwa ya dawo. In ya dawo, sai ya yago farar takarda ya bi bakin murfin da ita, gaba da baya da gefen fulogi, ya ɗaga ta ga haske su duba tare. Sannan ya ce, "Malam, jibi in ka biyo ta nan ka tsaya in sake gani," ya juya ga babur na gaba da ke jingine a jikin darbejiya.